Tikitin Rakiya

Ta sake ƙirga fasinjojin tun daga tarago na farko har na huɗu, ko da wani ya sunkuya ɗaurin takalmi ta tsallake shi. Tara dai. Da ita da mai duba tikiti, goma sha ɗaya. Jirgin ƙasan yana sulalawa a kan gadarsa, na'urar sanyi tana ta hidima wa kujeru ɗari biyu da arba'in, a ƙasa kuwa titin filin jirgi ya cika maƙil da motoci, kowace da akwatuna ɗaure a bisa.

Mai duba tikitin ya biyo ta har kujerarta. Dattijo ne mai son aikinsa, kullum kakinsa a goge kamar za shi ɗaukar hoto. Ya rage murya ya tambaye ta ko gaskiya ne abin da suke ji, wai in wata uku ya cika fasinja bai ƙaru ba za a rage sawu, a sallami rabin ma'aikata. Ta ce yau dai za a zauna a kan kuɗin tikiti, ƙarfe biyu da rabi. Ya ce Allah ya sa a dace, ya koma ya ci gaba da zagaya mutum taran da ya riga ya duba sau biyu.

A ofis Mai Lissafi ake ce mata, a gida Auta. Ita hukumar jirgin ta ɗora wa fitar da sabon farashin da zai jawo mutane, ita da wani ƙwararre da aka ɗauko haya, wanda ma'aikata suka laƙaba wa Malam Kaso domin ko gaisuwa zai yi sai ya sa kaso cikin ɗari. Malam Kaso ya gama nasa tuni: a rage kaso goma, a kafa allunan talla. Nata yana cikin jaka, shafi ɗaya tal, amma ta buga shi iri biyu. A ɗaya an rubuta huɗu, a ɗaya shida. Tun da ta fito daga gida ta zuge jakar nan ya fi sau goma, sai ka ce takardun za su sasanta kansu a ciki.

Ba a ofis ta samo shafin ba. A gidan Inna ta tsince shi, mako biyu da suka wuce, ana tsakiyar cin abinci. Yaya ne ya tsokane ta kamar yadda ya saba. Yaya shi ne babban wansu, direban haya a filin jirgi, wanda ya ajiye karatu shekarar da mahaifinsu ya rasu ya kama sitiyari. Duk littafin lissafin da Auta ta taɓa buɗewa daga aljihunsa ya fito. Bara ya sayar da ƙaramar motarsa da filin da yake tanadi, ya sayi babba mai cin mutum bakwai, kuma tun ranar da aka buɗe jirgin bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai mai jigilar iska.

“Ku kai kuke ƙirgawa, mu mota muke ƙirgawa,” in ji shi ranar, yana nuna ta da cokali. “Wa kika taɓa gani ya je filin jirgi shi kaɗai, in ba ɗan kasuwa ba ko wanda ya yi faɗa da danginsa? Mutum ɗaya zai tashi, shida za su raka shi, kuma shidan nan sai sun dawo gida. Yi musu lissafin jirginku ki gani.”

Kowa ya yi dariya, har da ita. Amma tana dariyar tana lissafin, kafin ta haɗiye lomar da ke bakinta ta gama. Dubu biyu ne kowane kai. Matafiyi da masu rakiya shida, zuwa da dawowa, dubu ashirin da shida ke nan. Yaya kuwa dubu goma sha biyu yake karɓa, ya ɗaura kaya, ya jira a gama koke-koke, ya mayar da mutane har ƙofar gida. Wane ragin kaso goma ne zai cike wannan ramin? Abin da ya fi ba ta haushi shi ne babu wanda ya gani a ofis, har ita mai digiri biyu. Alƙaluman da suke aiki da su daga kamfanonin jiragen sama aka karɓo, jerin waɗanda suka hau ne kawai. Mai rakiya ba ya cikin takardar kowa, daga bakin ƙofa yake juyawa yana share ido.

Daga nan ta tsara abin da ta kira tikitin rakiya: dubu takwas, matafiyi da masu raka shi, har da dawowarsu. Saura tambaya ɗaya, mutum nawa tikitin zai ɗauka. Kwana goma ta yi tana tsayawa a ƙofar masu tafiya tana ƙirga masu juyowa, kuma amsar ba ta ɓuya ba, shida ce. Sai dai in aka rubuta huɗu, biyun da suka rage za su biya cikakken kuɗi, abin ya haura na Yaya, manyan iyalai su ci gaba da neman manyan motoci. Huɗu, Yaya ya ci abinci. Shida, jirgi ya cika. Kwana goman nan ko barcin kirki ba ta yi ba, kuma babu wanda ta faɗa wa.

Jirgin ya tsaya a tashar filin jirgi. Mutum taran suka fita, tashar ta haɗiye su kamar ba a yi ba. Auta ta haye sama ta tsaya inda ta saba, jikin wani ginshiƙi, da ɗan littafinta. Ba ta da bukatar ƙarin ƙirga, ta sani. So take yi yau a samu wani abu daban, a yi ta zuwa uku-uku, huɗu-huɗu, ta samu abin kafa hujja. Ina. Motar farko ta zubar da mutum bakwai, ɗaya ya shiga. Ta biyu takwas, har da jariri. Ta zauna, ta tashi, ta sayi ruwa ba ta sha ba, ta duba agogo, ta sake zuge jaka.

“Ƙirgau, yau ma ke ce a nan?”

Yaya ne a bayanta, makulli a yatsa, tawul a kafaɗa. Ya kawo wasu ne, wata yarinya za ta tafi karatu, yana jiran danginta su gama sallama. Ya ce kujerar yarinyar ta zama babu kowa, in Auta za ta koma gari ta zo ya rage mata hanya, ta huta da zama ita kaɗai a cikin firij. Jirgin ƙarfe ɗaya yana nan, minti talatin da biyar zai kai ta, kuma ta san halin titin nan da rana. Duk da haka ta bi shi, domin in ba ta faɗa masa kafin taron ba, to a bakin wasu zai ji.

Mutum shida ne suka dawo motar, kamar an aiko su don su ƙure ta. Kakar yarinyar ce a gaba, sai Yaya ya lallaɓa ta ya gyara mata kujera ya ɗaura mata bel da kansa. Auta ta shiga baya tsakanin gwaggo biyu. Tsohuwar ta yi ta sharar hawaye da gefen mayafi tana cewa ko ruwan zafi yarinyar nan ba ta iya dafawa ba, wa zai kula da ita a can. Yaya ya ce mata kada ta damu, shekara ashirin yana wannan hanyar, duk wadda ya kai tana kuka shi yake ɗauko ta ta yi ƙiba. Tsohuwar ta yi dariya cikin kuka ta sa masa albarka. Auta ta san ya iya wannan, ba yau ta fara gani ba, amma yau sai abin ya dame ta. Jirginsu ba zai taɓa ɗaura wa kowa bel ba.

Ba su yi nisa ba cunkoso ya kama su. Suna tsaye cik sai ga jirgin ƙarfe ɗaya ya zo wucewa ta samansu, tagoginsa fayau, ana hango kujeru har ɗaya gefen. Yaya ya danna ham sau biyu, ya ɗaga masa hannu. Haka yake yi duk lokacin da suka haɗu, wai gaisuwa ce, kada jirgin ya ji kaɗaici. Gwaggo ɗaya ta ce ita fa tana sha'awar shiga abin nan ko sau ɗaya, amma su da suke tafiya gayya guda, ina su ina shi. Yaya ya kalli Auta ta madubi ya ɗaga gira. Ta mayar da idonta kan jakar da ke cinyarta.

Sai ƙarfe biyu saura suka sauke mutanen a wata unguwa, aka yi godiya, aka sake godiya. Auta ta dawo gaba. Ta bari ya hau titi, ta bari ya wuce shataletale, ta bari ya gama zagin wani mai babur, sannan ta ga in ta ƙara bari za su iso.

“Yaya, maganar da ka yi a gidan Inna, yau zan kai ta ofis.”

Ya ce wacce daga ciki, shi da bakinsa ba ya hutawa. Ta faɗa masa. Ta yi bayanin tikitin tiryan-tiryan kamar tana gaban hukuma, domin ta haka ne kawai muryarta ba za ta yi rawa ba. Tun tana tsakiya ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

“Mutum nawa?” ya tambaya.

“Huɗu na rubuta. Motarka bakwai take ci, ba zai taɓa ka ba.”

“Da kika ƙirga, huɗu kika samu?”

Ta juya fuskarta ga taga.

“Masu ƙananan motoci fa? Su ba su da ƙanwa a ofis, ko?”

Ta so ya yi faɗa. Da ya daka mata tsawa ya ce kada ta kuskura, da ta samu abin riƙewa, ko ta bi ko ta ƙi. Da kuma ya ce je ki rubuta gaskiya Allah na nan, da ta sauke kayan a kansa ta shiga taro da sauƙin zuciya. Yaya bai ba ta ko ɗaya ba.

“Ni ban ce ki rubuta huɗu ba, ban ce ki rubuta shida ba,” ya ce, idonsa a kan titi. “Abinci nake ci ina surutu a gidan uwata.”

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, sai ta ga ya kalli agogon mota. Biyu da minti takwas, gabansu kuma motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare. Ya ja tsaki, ya karya kan motar ya faɗa wani lungu da ita ba ta taɓa sanin yana ɓullewa ba. Suka bi ta bayan kasuwar katako, suka ratsa wani garejin gyaran motoci yana ɗaga wa makanikai hannu, suka haura wata 'yar gada da ƙyar ta ɗauki faɗin motar. Madubin gefe ya goge bango, bai ko waiwaya ba, shi da ko ƙuda ya sauka a jikin motar nan sai ya bi da tawul. Haka ya riƙa kai ta jarrabawa a tsohuwar motar, bai taɓa bari ta makara ba ko sau ɗaya. Biyu da ashirin da shida ya taka birki a ƙofar hukuma.

“Sauka, kada su fara babu ke.”

Ɗakin taron yana hawa na biyar, dogon tebur, robobin ruwa a jere, mutum goma sha biyu. Malam Kaso ya yi minti arba'in a gaban majigi. Ya nuna layi ja yana hawa, ya nuna layi shuɗi yana sauka, ya ce da ragin kaso goma da talla mai kyau fasinja zai ƙaru da kaso goma sha takwas. Darakta, wanda tun safe ake kiransa daga sama ana tambayarsa ina mutane, ya ce kaso goma sha takwas na mutum tara nawa ke nan. Wani ya yi tari. Auta ba ta ji rabin abin da aka faɗa ba.

Da aka zo kanta ta zuge jaka ta zaro mai huɗu. Ta yi bayanin masu rakiya, da yadda ba sa cikin alƙaluman kowa, da dubu ashirin da shida a gefen dubu goma sha biyu. Tana magana tana ganin fuskoki suna sauyawa, domin babu wanda ke teburin nan da bai taɓa cika mota da dangi zuwa filin jirgi ba. Wata mamba ta ce ko makon jiya su tara suka raka mijinta. Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da aka nuna wa abin da ke tafin hannunsu. Darakta ya ajiye wayarsa a kife, abin da ba ya yi wa kowa.

Malam Kaso, don kada a bar shi a baya, ya ce tunani ne mai kyau, kuma huɗu adadi ne na hankali, an yi taka-tsantsan. Kawuna suka gyaɗa. Sakatare ya fara rubutawa. Ga ƙofa an buɗe mata har bango, ba sai ta yi ƙarya ba, shiru kawai za ta yi. Ta ji daɗi ya taso mata, ta kuma ji ƙyamar daɗin.

Darakta ya ɗauki biro, sannan ya ɗago.

“Ke kika tsaya a ƙofar nan kwana goma. Huɗu kika samu?”

Tambayar Yaya ce, kusan kalma da kalma, kuma sau ɗaya ta riga ta yi mata shiru yau. Ta tuna dattijon da ke zagaya mutum tara da gogaggen kaki. Ta tuna madubin da ya goge bango.

“Shida ne, ranka ya daɗe,” ta ce. “Da huɗu jirgin zai ɗan motsa, amma ba zai cika ba.”

Ta zaro ɗaya takardar ta tura masa. Ya dube ta, ya dubi ta farkon, ya dubi Auta, bai tambayi dalilin da ya sa suka zama biyu ba. Aka yi ta ja-in-ja kusan awa guda a kan ko dubu takwas ko tara, da yadda za a gane mai rakiya a dawowa, daga ƙarshe aka amince da shida, gwaji na wata uku, daga farkon wata. Ana tattara takardu Darakta ya tambaye ta inda ta samo wannan tunani. Ta ce wani direba ne ya faɗa. Malam Kaso ya ce lallai a nemo direban nan a ba shi takardar yabo.

Ta tsaya a banɗaki ta wanke fuska sau biyu. Ta sauko ta matakala maimakon lifta don hanyar ta yi tsawo. A ranta ta gama shirya yadda za ta hau bas, ta kashe waya, ta bar maganar sai gobe ko jibi.

Motar tana nan a inda ta bar ta, an dai matsar da ita ƙarƙashin bishiya. Yaya yana tsugune yana shafa madubin da ya goge da babban yatsa. Awa biyu da rabi, a lokacin da jiragen sama uku ke sauka, ya bar layinsa ya zauna a nan. Ya ce Inna ce ta kira, wai ta yi girki da yawa, a taho da Auta. Bai tambaye ta komai ba. Ta shiga, ta ɗaura bel, ta rungume jakar da yanzu babu komai a cikinta.

Sun kai rabin hanya kafin ta iya.

“Shida na ce, Yaya. Sun amince. Farkon wata.”

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, kamar an faɗa masa farashin mai. Titin ya bi ta ƙarƙashin gadar jirgi, kuma kamar da gayya sai ga na ƙarfe biyar ya taho, fitilunsa a kunne, babu kowa a tagogi sai mai duba tikiti a tsaye. Hannun Yaya ya tafi kan ham da kansa, don sabo. Ya sauka a kai ya tsaya. Tarago na farko ya wuce, na biyu, na uku, na huɗu, yana bin su da ido.

“Kujera nawa ne a cikinsa?”

“Ɗari biyu da arba'in.”

Ta ga leɓɓansa suna motsi. Shi da kullum yake cewa lissafi na masu digiri ne, bai ɗauki lokacin da ita za ta ɗauka ba.

“Mota talatin da huɗu, a sawu ɗaya,” ya ce. “Mu a layinmu talatin da ɗaya ne.”

Ya ɗauke hannunsa daga kan ham ya mayar kan sitiyari, ya kunna sigina, ya shiga layin gidan Inna a hankali saboda ramuka. A ƙofar gida ya kashe mota, ya ɗauki tawul ɗinsa ya goge fuska.

“Kada ki faɗa wa Inna sai ta gama cin abinci,” ya ce, ya riga ta fita.